Yadda ƙungiyar agaji za ta tsara bayanan masu tallafa mata da CiviCRM

A yawancin ƙananan ƙungiyoyin agaji, irin masu ciyar da marayu da azumi ko ɗinka musu kayan sallah, sunayen masu ba da gudummawa a warwatse suke. Wasu na littafin ma'aji, wasu na wayar sakatare, sauran na zauren WhatsApp. Manhajojin da ake kira CRM aikinsu shi ne haɗa wannan duka wuri guda. Salesforce, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, na ba ƙungiyoyin da suka cancanta lasisi 10 kyauta, wato izinin mutum 10 su yi amfani da ita, sai dai saita ta sai gwani. A ganina CiviCRM ta fi dacewa da ƙaramar ƙungiya. Tun 2005 take, domin ƙungiyoyin sa-kai aka gina ta, ba a biyan kuɗin lasisi, kuma tana hawa kan shafin intanet da aka gina da manhajar WordPress ko Drupal ko Joomla. Kuɗin ajiye shafin a intanet dai yana wuyanku.

Matakin farko ba ya buƙatar manhajar ma, kuma shi ya fi cin lokaci. Ku zuba duk sunayen a Excel ko Google Sheets, ku tsefe su ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda za ku tarar an rubuta shi Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhd a wani wuri. Idan kuka shigar da shi haka, manhaja za ta ɗauka mutum uku ne, ranar aika godiya ya sami saƙo uku. Alhaji da Hajiya da Malam a ware musu gurbinsu daban, kada a haɗa su da suna. Lambar waya kuwa a yi hattara, domin Excel kan cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803. Ku mayar da gurbin lambobin ya zama na rubutu, bayan kun yi hakan kuma kuna iya sa +234 a farkon kowace lamba a madadin sifirin. Sannan a adana fayil ɗin a tsarin CSV, wato tsarin fayil ɗin da CiviCRM ke karɓa wajen shigar da sunaye.

Sai shigarwa. A CiviCRM akwai wurin da aka rubuta Import Contacts, ta nan ake shigar da fayil ɗin. Ku fara gwadawa da sunaye kamar 20, ku duba ko kowane bayani ya faɗa gurbinsa. Manhajar kan gane maimaici ta adireshin imel, alhali masu tallafa muku da yawa ba su da shi, don haka ku kafa ƙa'idar da ke duba suna da lambar waya.

Mataki na uku, raba kuɗi bisa nau'insa a sashen CiviContribute, wanda ke lura da gudummawa a cikin CiviCRM: zakka daban, sadaka daban, kuɗin wata-wata na mambobi daban. Wannan ba ƙawa ba ce. Zakka tana da rukunin mutane takwas da ake ba, bai kamata ta cakuɗe da kuɗin hayar ofis ba. Duk alat ɗin banki da ya shigo, ma'aji ya rubuta shi a ranar, ƙarƙashin sunan mai shi.

Na huɗu, a iyakance wanda zai ga me. Ɗan sa-kai mai kiran waya ba ruwansa da sanin nawa wane ya bayar. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi ƙungiyoyi ma, saboda haka a nemi yardar mutum kafin a riƙa aika masa saƙonni. Wanda ya ce kada a kira shi, akwai akwatin da ake yi wa alama a shafinsa. Mai son sadakarsa ta zama a ɓoye shi ma a rubuta hakan.

Daga nan sai cin moriya. Akwai wani rahoto mai suna LYBUNT, wanda ke fito da waɗanda suka bayar bara amma bana shiru. Ku fitar da shi tun a watan Sha'aban, ku raba sunayen ga 'yan kwamiti, kowa ya kira nasa ya gaishe shi, ya faɗa masa marayu nawa gudummawarsa ta bara ta ciyar, kafin a zo maganar ta bana.