Yadda za ku kai ƙarar gwamnati in ta bada izinin aikin da zai gurɓata muku unguwa

Ace kun wayi gari kun ga katafila tana share fili a bayan unguwa, wai kamfanin fasa dutse za a kafa, ko masana'antar da zata riƙa sako ruwan kemikal cikin kogin Kaduna, kun tambaya ance ai gwamnati ce ta sa hannu. To wannan sa hannun ana iya kai shi gaban alƙali ya duba.

Sai dai alƙali ba zai zauna auna ko aikin yana da amfani ba, abinda yake bi shine an bi doka wajen bada izinin ko tsallake akayi. Dokar EIA ta 1992, wato dokar auna illar aiki ga muhalli, tace babban aiki sai anyi rahoton illar da zai yiwa muhalli, kuma ana baje rahoton kwana 21 na aiki jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu. Saboda haka ku fara da rubutawa ma'aikatar muhalli ta tarayya ku nemi kwafi, dokar 'yancin samun bayanai (FOI) ta 2011 kwana 7 ta basu su amsa. In babu rahoton, ko ba a taɓa baje shi ba, kun samu makama.

Inda mutanenmu suke faɗuwa lokaci ne wallahi. Wata uku kacal ne daga ranar da aka yanke matakin, mu kuwa sai mu ƙarar da shi a zaman mai unguwa da zuwa wajen ɗan majalisa yana cewa zai duba, kafin a farga lauyan gwamnati ya tashi yace lokaci ya wuce, shikenan an kori ƙara ko ta kan hujjarku ba a bi ba. Kuje wajen lauya tun satin farko, don in NESREA ce ma, wato hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, sai an bata notis na wata ɗaya kafin a shigar.

Hukumar tarayya Babbar Kotun Tarayya ake kaita, ta jiha irin KEPA (hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna) kuma Babbar Kotun Jiha. Lauya zai fara neman izinin kotu, sannan ya roƙi a soke izinin da gwamnati ta bayar ko a tilasta hukumar tayi aikinta. In sun ce ku su waye da zaku kawo ƙara, a 2018 Kotun Ƙoli ta yarda wata ƙungiya ta maka NNPC kan malalar mai duk da ba gonarta bace.

Ku tuna wa lauyan ya nemi a dakatar da aikin kafin hukunci, hotuna masu kwanan wata da takardun asibiti kuma a tara su waje ɗaya.