Yadda Za Ka Tsare Lambarka da Mutuncinka a Zaurukan WhatsApp

Ranar wata Alhamis da la'asar, Baffana yana tsakiyar awon masara a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe wayarsa ta yi ƙara. Mai kiran ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya kuma ambaci sunan zauren WhatsApp na 'yan layinsu daidai, ba tuntuɓe. Sannan ya ce, "Alhaji, yau da daddare akwai taron ƙungiya ta intanet. An turo maka lambar shiga yanzun nan, karanto min in sa sunanka cikin mahalarta." Baffa ya ɗaga wayar daga kunne, ya karanto alƙaluma shida, ya koma kan buhunsa.

Kafin a kira isha'i mutane sun fara samun saƙo daga lambarsa, ga hotonsa na babbar riga a sama: "Don Allah ranta min dubu 50, bankina ya ƙi tura kuɗi, gobe da safe zan maido." Uku daga cikin abokan cinikinsa suka tura ba tambaya, domin shekara da shekaru ba su taɓa jin Baffa ya ci kwabon kowa ba.

Ba wanda ya taɓa wayarsa. Alƙaluman nan shida su ne waɗanda WhatsApp ke turowa duk sa'ad da aka nemi buɗe lambarka a wata sabuwar waya. Ɓarawon ya rubuta lambar Baffa a tasa wayar, saƙon ya faɗo wa Baffa, shi kuma ya miƙa da bakinsa. Suna da lamba kuwa a zauren ya tsince su, tunda duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa. Da ɗan gari akan ci gari, to a nan da sunan Baffa aka ci abokansa. Ni na sha zirga-zirgar gyaran wannan ɓarna, kuma ga abin da nake yi wa duk wayar da ta shigo hannuna a gidanmu tun daga ranar.

Na farko: sa wa lambar kwaɗo na biyu

Buɗe WhatsApp, shiga saiti, taɓa inda aka rubuta Account, mai alamar makulli, sannan Two-step verification. Zai ce ka ƙirƙiri lambar sirri mai alƙaluma shida. Wannan ba turo ta ake yi ba, daga kanka take fitowa. In tana nan, ko an yaudare ka ka karanto wadda aka turo, ɓarawo zai tarar da ƙofa ta biyu a garƙame. Kada ka sa 123456, ko ranar haihuwarka, ko wutsiyar lambar wayarka. Zai nemi adireshin imel. Ba shi in kana da shi, saboda ranar mantuwa. Jefi-jefi zai riƙa tambayarka lambar kana tsakiyar hira. Kada ka ji haushi, tilawa yake sa ka.

In ka gama taka, bi ta iyayenka. Dogon bayani ba ya aiki a nan. "Goggo, kawo wayarki in sa mata kwaɗo" ya wadatar. Bar ta ta zaɓi lambar da za ta iya riƙewa, a rubuta a littafin da ke cikin akwati, ba a 'yar takardar da ake cusawa a bayan rigar waya ba.

Na biyu: layin da ita kanta wayar

Mai fizgen waya a yanzu sau da yawa layin yake so fiye da wayar, don a kansa bankinka yake, ta kansa saƙonnin sirri ke shigowa. Sa wa layin tasa lambar sirrin, ta yadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai tashi ba. Sai dai a yi hattara: in ka yi kuskure sau uku layin zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki. In ba ka san lambar asali ta layinka ba, kada ka yi canki-canki, tambayi kamfanin layin tukuna.

Sai kullen fuskar waya, kuma a saita ta yadda saƙo ba zai riƙa bayyana a allo tana kulle ba. Mu nan in aka ɗauke wuta, waya takan wuni a shagon caji a Pantami ko Tashar Dukku, ko a hannun yaron shago, ko a wurin mai gyara. Yawancinsu mutanen kirki ne. Amma wayar da ba kulle, minti ɗaya ya ishi mai mugun nufi ya jona WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa, ya riƙa karanta hirarka kana zaune ba ka sani ba. Ana iya jona har na'ura huɗu a lamba ɗaya. Don haka leƙa Linked devices lokaci-lokaci. In ka ga na'urar da ba ka sani ba, taɓa ta ka fitar da ita nan take.

Na uku: lambar da aka turo maka taka ce kai kaɗai

Babu taron intanet da ake shiga da ita. Babu admin, ko ma'aikacin banki, ko jami'in tallafi da ke da hurumin tambayarta. Mai cewa "na yi kuskuren turo lambata a wayarka, maido min" shi ma ɗan gidan su wancan ne. Haka lambar da banki ke turowa kafin a cire kuɗi, haka lambar sirrin katinka. Kashe kiran kawai. Ba rashin ladabi ba ne.

Na huɗu: rage abin da baƙo ke gani

Koma saiti, shiga Privacy, mai alamar kwaɗo. Mayar da hotonka da bayaninka ga waɗanda ka ajiye lambarsu kaɗai. A ƙarƙashin Groups, cire shi daga kan kowa-da-kowa, don kada ka wayi gari a zauren da ba ka san mafarinsa ba. Akwai kuma wurin da za ka sa kiran baƙuwar lamba ya shigo shiru. Mata su fi riƙe wannan matakin, domin su aka fi tsintar lambarsu a zauren biki ko na saye da sayarwa, a bi su da saƙon banza, wani lokaci har a ɗauki hotonsu a buɗe wani shafi da shi.

Amma saiti ba ya riƙe hannunka. Gaskiya ne tun 2016 WhatsApp ke lulluɓe saƙonni ta yadda ba mai karanta su a hanya, har shi kamfanin. To, a hanya ke nan. In saƙo ya sauka a zauren da ke iya ɗaukar mutum 1,024, sirri ya ƙare. Kowa na iya ɗaukar hoton allo ya tura gaba. Ko hoton da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, mai waya biyu zai ɗauke shi da ɗayar. Magana zarar bunu ce, ta rubutu ma ta fi, don ita har da shaida.

Abin da na fi gani yana ɗaure min kai shi ne zaurukan neman aiki da na tallafi. Wani zai ce "kowa ya turo takardunsa a nan," sai ka ga matasa suna jera hoton katin NIN, da BVN, da takardar haihuwa, da lambar asusu, a gaban ɗaruruwan mutanen da ba su taɓa gani ba. Wanda ya tara waɗannan ya san sunanka, da ranar haihuwarka, da bankinka, kuma da su zai kira ka gobe ya ce daga banki yake, ka kuwa yarda saboda ya faɗi komai daidai. In an ce tallafin gwamnati ne, duba adireshin: na hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. In kuma an ce sai ka tura wa zauruka goma kafin sunanka ya shiga, rufe ka yi gaba.

Sauran kuwa hankali ne: "mun kama hanyar Kano da iyali, sai bayan sati" sanarwa ce cewa gida ba kowa. Hoton yara da rigar makaranta yana faɗin inda suke wuni. Hoton mara lafiya a gadon asibiti, ko da niyyar neman addu'a ce, a nemi izininsa ko na iyalinsa.

Na biyar: in kuɗi ya shigo zance, murya ce shaida

Duk saƙon neman kuɗi, ko daga yayanka uwa ɗaya uba ɗaya ne, kira shi ta layi, ba ta WhatsApp ba, don WhatsApp ɗin ne ake zargi. In ya ce ba zai iya ɗagawa ba yana cikin taro, jira a tashi daga taron. Gaggawa ita ce jarinsu. Kafin ka danna turawa, karanta sunan da bankin ya nuno. Mutanen nan uku da suka tura wa Baffa, dukkansu sun ga sunan da ba nasa ba, sai dai an riga an gaya musu wai asusun wani mai POS ne da ke kusa da shi.

Na san abin da ke hana mu kira: kunya. Mutum ya nemi rance, kai kuma ka bugo kana tambaya, kamar ba ka yarda da shi ba. Akwai hanyar da ba ta taɓa mutunci: "Yaya, na ga saƙonka, nawa ka ce in turo?" In shi ne, ba abin da ya ɓaci. In ba shi ba ne, kai ka fara sanar da shi an shiga gidansa.

Gudunmawar biki, ko ta jinya, ko adashe, a tsayar da asusu ɗaya da kowa ya sani. Ranar da aka ce an canza asusu, sai an ji daga bakin mutum biyu. Masu sayar da atamfa da turare ta zaure, kada ku saki kaya a kan hoton rasit ko saƙon alat. Buɗe asusun ku ga kuɗin da idonku.

Zuba jari mai riɓi kuwa mun sha ganin ƙarshensa. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufta a Afrilun 2025. Yawanci ba baƙo ke kawo irin wannan zaure ba, ɗan'uwa ne da ya ci ribar farko, shi ma da zuciya ɗaya yake kiranka. Tambaye shi ko kamfanin na da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar hannayen jari, sannan ka bincika da kanka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na shida: in kai ne admin

Kunna amincewa da sababbin shiga, yadda ko wani ya samu linkin gayyata sai ka buɗe masa. Linkin da ya daɗe yana yawo, sabunta shi, tsohon zai mutu. Baƙuwar lamba ta nemi shiga, tambayi wa ya san mai ita. A zauren tsofaffin ɗalibai, sunan malamin ajinku ko laƙabin da ake kiran mai tsaron ƙofa ya isa jarrabawa. Wanda ya ce ya canza layi, a kira tsohon layin.

Kada admin su yi yawa, kuma kowannensu ya yi matakin farko, domin in aka ƙwace lambar admin ɗaya, ɓarawo zai iya korar sauran, ban da wanda ya kafa zauren tun asali. In mugun linki ya faɗo, admin na iya goge shi ga kowa. A goge kafin a tsaya muhawara.

In ta riga ta faru

Kada ka tsaya jimami. Buɗe WhatsApp, rubuta lambarka, nemi sabuwar lambar tabbatarwa ta saƙo ko ta kira. Da ka shigar da ita, an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba, amma shi ma yana waje a tsawon kwanakin. In wayar ce da layin suka tafi, fara da banki a toshe asusun, sannan ofishin kamfanin layi a yi maka walkam-bak. Tafi da lambar NIN ɗinka.

Kana wannan, wani na kusa da kai ya shiga duk zaurukan da kuke tare ya sanar, admin kuma ya cire lambar har ta dawo hannunka. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa a daren, kada ya bari sai safiya, ya ajiye rasit da hoton hirar. Da su za a je wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na shiyyar Gombe. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan irin wannan sojan gona.

Na Baffa sai da muka yi jiran kwana bakwai ɗin nan. Ya zaga wurin mutanen uku da ƙafarsa ya ba su haƙuri, ya dage sai ya biya, biyu suka rantse ba za su karɓa ba. Bayan kamar wata biyu aka sake kiransa ina zaune a rumfar, wata murya daban, amma taro ne dai da daddare. Ya saurara har ƙarshe yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Madalla, ɗana. Lambar tana nan na adana maka. Zo Tudun Hatsi ka karɓa hannu da hannu."