Ruwan batir ba na wanke haƙorin shak ba ne, da sauran ɓarnar da na gaji da gani

Ranar Lahadi wani yaro daga Idi-Araba ya same ni a Agege da roba cike da duwatsu, bakinsa har kunne. "Yaya, megalodon na samo!" Yana nufin tsohon haƙorin megalodon, wani ƙaton kifin teku na dangin shak da ya ƙare tuntuni, irin haƙoran da ake tona a cikin dutse. Na ce a ina? Ya ce wajen Ewekoro.

Dutsen simintin Ewekoro, can hanyar Abeokuta, teku ne ya kwantar da shi kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Megalodon kuwa bai bayyana ba sai wajen shekara miliyan 23 baya. Ina aka taɓa tarar da jika a zanen da aka goya kakarsa tana jaririya? In ka ga babban haƙori mai santsin baki da 'yan tsini biyu a gefe, fara tunanin Otodus obliquus, wani shak da ya girme shi, ka bar megalodon ya huta.

Wannan dai kuskuren baki ne, ana gyara shi. Wanda ba ya gyaruwa shi ne na wanki, kuma ni ya fara ci. Haƙori mafi kyau da na taɓa samu, tsawon ɗan yatsana, rabinsa a nutse cikin dutse. Gaggawa ta kama ni. Wani mai cajin batir a layinmu ya ce, "Malam, zuba masa ruwan batir, yanzu zai fito fes." Na zuba, na tafi Magariba. Da na dawo na tarar da wani farin ɓawo ya lulluɓe dutsen, saiwar haƙorin tana marmashewa a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Ranar ko tuwo ban ci ba. Har yau ina jin masu ba sababbin shiga wannan shawara, wallahi raina ɓaci yake yi. Wa ya aike ku?

Ni yanzu allura nake sawa da tsohon buroshin haƙori, ko zai ɗauke ni mako guda. In dole sai an jiƙa, ruwan khal (vinegar) ne da aka sirka, minti goma, sannan ya kwana a ruwa zalla. Wannan ma ga haƙori kaɗai. Katantanwa da ƙwanson da suka cika dutsen Ewekoro sinadarinsu ɗaya da dutsen, tare za su narke.

Sai rashin rubuta wuri. Yaron nan ya zuba na Ewekoro da waɗanda kawunsa ya kawo masa daga Wurno a roba ɗaya. Gaskiya ne akwai lokacin da teku ya ratsa Sahara ya haɗa ƙasar Sakkwato da wannan gaɓar, amma duwatsun ba lallai sa'annin juna ba ne, kuma yanzu babu mai iya raba su. Ni tun a wurin nake naɗe kowanne a takarda, da sunan wuri da kwanan wata.

Kada ka jefar da faffaɗan abu mai layi-layi kamar mataji, haƙorin kifin nan ne mai fukafukai, ɗan'uwan shak. Kada kuma ka tsaya neman ƙwarangwal: jikin shak guringuntsi ne, haƙori yake bari, wani lokaci da ƙashin baya mai kama da maɓalli. Baƙin launi ba shaidar tsufa ba ce, ana rina sabon haƙori. Kwari, wato wurin fasa dutse, ba a shiga sai da izini, nakiya suke fasawa.

Yashin Lekki kuma ba wurin neman tsohon haƙori ba ne, ka je shan iska kawai. Yaron ya ce mako mai zuwa can ya nufa da rariya, na ce ya sayo mini kwakwa.