Yadda za ka gane ko jam'iyyar 'yan gurguzu da aka ce ta ɓalle da gaske take

Da farko samo cikakken sunanta, ba laƙabin da ake yawo da shi a Facebook ba, da sunan uwar jam'iyyar da aka ce sun bari.

Na biyu, shiga shafin hukumar zaɓe ta ƙasar ka duba jerin jam'iyyun da aka yi wa rajista, misali a Birtaniya Electoral Commission ce ke riƙe da rajistar kuma kowa zai iya bincikawa kyauta. In babu sunan to kada ka yi saurin cewa ƙarya ce, wani lokaci tsagi ne kawai a cikin jam'iyya, rigima suke yi amma har yanzu ba su fita ba, su ma 'yan gurguzu ai wallahi ba sa rabo da rigimar cikin gida.

Na uku, nemi ranar kafawa da shugabanni. Ka ga jam'iyyar BSW a Jamus, 'yar siyasa Sahra Wagenknecht ta fice daga jam'iyyar Die Linke, aka kafa BSW ɗin a Janairun 2024, jaridu duk sun ɗauka.

Sai na ƙarshe, sun taɓa tsayar da ɗan takara? In tambari da shafin X kaɗai ka gani, ajiye labarin tukuna.