Yadda za a adana kayan niƙa da dattijo ya bari

Kawuna, Allah ya jiƙansa da rahama, ya ƙare rayuwarsa a Tahoua yana tara kayan niƙa da daka: duwatsun niƙa da 'ya'yansu, turame, taɓare, faya-fayai, har da ƙarafan inji da suka cinye. Duk wanda ya gaji irin wannan tari, ga shawarata.

Kada a ɗaga komai sai an ɗauki hotonsa a inda mamacin ya ajiye shi. Dutse da ɗansa tare suke cinyewa, bakinsu ya saba da juna; in aka raba su wajen kwashe kaya, da wuya a sake haɗa su daidai. A ba kowane lamba da alli, ba fenti ba, a rubuta ta a littafi.

Daga nan sai aikin da ba ya jira, wato zuwa wurin tsofaffin mata. Su suka durƙusa a kan duwatsun nan tun asuba, su suka san surfe da bakace da tankaɗe. A je da goro bayan la'asar, a gaisa sosai, a nemi izini kafin a kunna waya don ɗaukar muryarsu. Tambaya mai faɗi ba ta haifar da komai. Gara a nuna hoton a ce, "Inna, wannan na gidan wa ne? Gero ake niƙawa a kai ko kayan miya?" A tambayi wa ya fara kafa inji a unguwar, nawa ake niƙa tiya, kuma me ya sa wasu magidanta suka daɗe suna ƙin tuwon garin inji. In tsohuwa ta ɗauko waƙar niƙa, kada a katse ta ko da ta kauce daga tambayar. A cikin waƙoƙin nan mata ke faɗin abin da ba sa faɗa a tsakar gida.

Dutse kuwa, kada a wanke shi da sabulu, domin ragowar da ta maƙale a ramukansa na iya nuna wa masu bincike abin da aka niƙa. Turmi a ɗora shi kan bulo a inuwa. Na kirya yana jure gara, amma ba kowane itace ke da wannan ƙarfi ba. A kwafe rubutun da ke kan farantin inji, a shafe ƙarfen da mai kafin damina.

Ni dai ban yarda a bar littafin da muryoyin a hannun mutum ɗaya ba. A Yamai akwai Gidan Tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, da cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka tun 1968. A kai musu kwafi, a bar ɗaya wurin babban gida, a kuma rubuta sunan mamacin a shafin farko tare da unguwar da ya zauna.