Kurakuran da ke sa ka shiga daji ka fito ba ka ga tsuntsu ba

A ƙasashe masu sanyi na arewacin duniya, daga Maris zuwa Mayu daji yake farfaɗowa. Tsuntsaye na ɗinka sheƙa, waɗanda suka yi hijira zuwa Afirka kuma suna komawa. Amma sai ka ga mutum ya sha yawo ya dawo yana cewa babu komai a ciki.

Yawanci makara ce. Tsuntsaye sun fi rera waƙa tun kafin fitowar rana zuwa hantsi, lokacin da mazan ke kare yankinsu suna kiran mata. Wanda ya iso da azahar ya tarar an watse. Haka ma wanda ya jira ganye ya rufe rassa. Farkon wannan lokaci ya fi sauƙin gani.

Babban kuskure a wurina shi ne dogaro da ido kaɗai, ga kuma sauri. A daji kunne ne ke riga ido. Ka tsaya cak, ka jingina da itace, ka yi minti 10 ba motsi ba magana. Da farko shiru za ka ji, don shigowarka ta tsorata su. Can sai ƙaramin tsuntsu ya sauko reshe, kurege ya ci gaba da tonon da ya bari. Idan ka ji kuka, nemi inda yake fitowa, ka jira motsin ganye. Kada ka nuna da hannu da ƙarfi. Ka sa rana a bayanka don launi ya fito, iska kuma ta riƙa bugo fuskarka, domin barewa da hanci take gane mutum tun daga nesa.

Madubin hangen nesa ma ana kuskure da shi. Mutum ya sauke ido ya ɗauko madubin, ya ɗago, tsuntsu ya ɓace masa. Kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin zuwa idon. Mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya wadatar a cikin itatuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne tausayin da ke cutarwa. Ɗan tsuntsu mai gashi da ka gani a ƙasa yana tsalle, galibi iyayensa na kusa suna ciyar da shi. 'Yar barewa da ke kwance lamo cikin ciyawa, uwarta ce ta ɓoye ta, za ta dawo. Kada ka ɗauka. Kada ka leƙa sheƙa, kada ka riƙa kunna kukan tsuntsu a waya don ya matso. Kana ɗauke shi daga ƙwai da 'ya'ya ne. Kare kuwa ya zauna a igiya, saboda masu sheƙa a ƙasa.

Da ka koma gida, duba ƙafafunka da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale, don wasunsu na ɗauke da cutar Lyme.