Kurakuran da sabbin likitoci suka fi yi wajen kama gida a garin da za su yi horon ƙwarewa

Tsakanin ranar da likita ya samu gurbin horon ƙwarewa da ranar da zai kama aiki, lokacin ba shi da yawa. A Amurka, alal misali, ana fitar da sakamako a watan Maris, aiki kuma ya fara wajen farkon Yuli. A cikin 'yan watannin nan ne za a yi takardu, a haɗa kaya, a nemi wurin zama a garin da wataƙila ba a taɓa takawa ba. Galibin kurakuran da ake yi tushensu ɗaya ne: mutum yana zaɓen gidan ne da idon wanda ya ƙoshi da barci, alhali wanda zai zauna a cikinsa mutum ne da zai riƙa dawowa bayan ya kwana a tsaye.

Babban kuskure shi ne raina nisan hanya. Sai ka ga likita ya duba taswira a waya, ta ce masa minti 25, ya ce ai kusa ne. Wannan lissafin tsakar rana ne, ko na ranar hutu. A gwada hanyar da ƙarfe 6 na safe, a gwada ta lokacin tashi daga aiki, a kuma gwada ta da ƙarfe 2 na dare, a haɗa da lokacin neman wurin ajiye mota da tafiyar ƙasa daga can zuwa sashen da ake aiki. Batun ya wuce makara. Wani bincike da masana daga Harvard suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2005 ya gano cewa haɗarin mota ga likitocin shekarar farko ya ninka fiye da sau biyu a ranakun da suka tashi daga aikin awa 24 ko fiye. Tun a 1997 kuma wasu masana a Ostireliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarinsa da hankalinsa sun yi ƙasa kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, matakin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Duk mintin da aka ƙara a hanya, an ƙara wa gyangyaɗi dama a kan sitiyari. Idan ɗaki ɗaya mai ƙunci kusa da asibiti ya zo da kuɗi daidai da gida mai faɗi a bayan gari, ni dai ɗakin zan ce a ɗauka, musamman a shekarar farko. Wanda kuma ba shi da mota, ya tambayi ƙarfe nawa motocin haya ko jirgin ƙasa suke fara aiki da ƙarfe nawa suke dainawa, ranar aiki da ranar hutu.

Akwai wanda ma bai tambayi sharaɗin jiran kira ba. Wasu sassan suna barin likita ya kwana a gidansa idan yana jiran kira, da sharaɗin ya iso cikin ƙayyadadden lokaci, sau da yawa minti 30. Gidan da ya fi haka nisa ya mayar da kai mai kwana a asibiti duk ranar kira, kana biyan hayar gadon da ba ka kwanta a kai ba.

Sai sa hannu a yarjejeniya mai tsawo kafin a ga jadawalin zagaye. Horon ƙwarewa ba kasafai yake ƙarewa a gini ɗaya ba. Ana iya tura mutum wata uku wani asibitin da ke ɗaya gefen gari, ko ma wani garin. A nemi jadawalin daga ofishin horo tukuna. In bai fito ba, a kama wurin wucin gadi na wata ɗaya ko biyu, ko a nemi a sa sharaɗin fita a yarjejeniyar, a rubuce, da adadin kwanakin sanarwa. Masaukin asibiti, inda akwai shi, ya dace da wannan, ko da ba shi da kyan gani. Sai dai ana rububinsa, don haka a sa suna da wuri.

Tura kuɗi kafin a ga gida kuwa, nan ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Sun san baƙo yana nesa, yana sauri. Salon nasu sananne ne: hotuna masu kyau da aka kwaso daga wani wuri, haya mai araha fiye da kima, mai gida da ya ce ya yi tafiya, da matsin cewa wani yana shirin biya yau. Gani ya kori ji. In ba za ka iya zuwa ba, ka roƙi wani likita da ke can ya je ya shiga, ko a zagaya da kai ta bidiyo kai tsaye, tun daga bakin titi har banɗaki. A tabbatar wanda ake ba kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, a biya ta hanyar da ke barin shaida, a karɓi rasit.

Masu zuwa duba gida ma, yawanci sau ɗaya suke zuwa, da rana. Likita yana buƙatar ganin wurin sau biyu, don tambayoyinsa biyu ne. Da dare: akwai haske daga inda zai sauka zuwa ƙofa? Ƙofar waje tana kulluwa da kanta, ko a buɗe take kwana? Wa kuma yake da makulli, kuma za a canza kwaɗon bayan wanda ya tashi? Likita mace da za ta riƙa dawowa ita kaɗai a tsakar dare ta bi wannan hanyar da ƙafarta sau ɗaya, tare da wani, kafin ta amince. Da rana kuma tambayar ta barci ce, abin da mai gida ba zai taɓa tunawa ya faɗa ba, tunda sauran 'yan hayarsa da dare suke barci. Makaranta a maƙwabta, gini da ake kan yi, taga mai kallon babban titi ko mai fuskantar rana, duk ba su dami mai fita aiki da safe ba, amma su ne za su hana wanda ya yi aikin dare runtsawa. Labule mai kauri yana maganin haske. Ƙara kuwa da wuya a yi maganinta. Kuma kusanci ma yana da iyaka: gidan da ke daura da ƙofar sashen gaggawa, jiniyar motar asibiti ce za ta zama abokiyar kwanansa.

A duba na'urar gano hayaƙi, da ta iskar kabon monoksaid idan ana amfani da gas, domin wannan iskar ba ta da wari ba ta da launi, mai barcin gajiya kuma ba zai farga ba.

Ta fuskar kuɗi, ana yawan lissafi da albashin da aka gani a takarda, a manta da abin da za a cire na haraji, a kuma manta cewa albashin farko sai an yi aiki yake zuwa, wani lokacin ma ya yi jinkiri, alhali kuɗin ajiya da hayar farko da kuɗin dako tun kafin a shiga ake biyansu. Haɗa gida da wani yana rage nauyin, amma a yi maganar jadawali tun farko, a kuma san sunan wa ke kan yarjejeniya idan ɗaya ya tashi. Ranar shiga, a ɗauki hoton kowane tsagi da tabo da lambar mita, a aika wa mai gida, don kada a cinye kuɗin ajiya ranar fita.

Mutanen da suka fi kowa sanin amsar duk waɗannan su ne likitocin da ke gab da kammala horo a wannan sashen, kuma su aka fi mantawa a tambaya. Sun san unguwar da kira ke riskar mutum cikin lokaci, sun san mai gidan da ba ya gyara famfo. Da yake suna tashi ne daidai lokacin da sabbi ke shigowa, sau da yawa gidan da ake nema yana hannun ɗayansu, har da gado da firji da yake neman wanda zai saya. Sakataren sashen yakan iya haɗa ku.